Sama Ba Ta Yi Wa Suleja Nisa Ba

Mai saita dish a Suleja ba ya kiran kansa masanin falaki, amma aikin da yake yi na falaki ne. Za ka gan shi da hantsi a kan rufin kwano a Kwamba ko Madalla, sifana a aljihun baya, ya dafa faifan da hannu biyu yana karkata shi a hankali. Yaronsa yana ƙasa, ya zuba wa talabijin ido ta taga, yana ɗaga murya: "Ya kawo! A'a, ya ɗauke. Koma kaɗan. Tsaya nan, Oga!" Da an samu sai ya ɗaure noti ya sauko. In ba guguwar farkon damina ta buge faifan ba, haka zai shekara da shekaru yana kallon wuri guda.

Abin da yake nema ɗin nan kuwa ba a tsaye yake ba. Yana gudun fiye da kilomita 3 a kowace daƙiƙa. Abin da ya sa ba ya kuɓuce wa faifan shi ne an ajiye shi a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, daidai saman layin da ya raba duniya biyu. A wannan nisan kaɗai ne lokacin da tauraron ɗan'adam ke ɗauka ya zagaya duniya yake zuwa daidai da lokacin da duniya ke ɗauka ta juya sau ɗaya. Yana tafiya, Suleja tana tafiya a ƙarƙashinsa, sai ido ya ga kamar an kafe shi da ƙusa. Ɗaya daga cikin waɗanda ke jere a wannan layi namu ne: NigComSat-1R, wanda aka harba daga Xichang ta ƙasar Sin ranar 19 ga Disamba 2011, bayan na farkon, NigComSat-1, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar fukafukansa masu tara hasken rana, bai ko cika shekara 2 a sama ba.

Daga Suleja, in ka wuce Dutsen Zuma da Madalla, ka bi ta Zuba zuwa Giri, ka karya titin filin jirgin sama, za ka iso Lugbe. A nan Cibiyar Sararin Samaniya ta Obasanjo take, mazaunin hukumar NASRDA da aka kafa a 1999. Dubban mutanen Suleja suna sammako kullum zuwa aiki a Abuja, birnin da ya karɓi sunan garinsu bayan an zaɓi wurin sabon babban birni a 1976, har garin ya koma amsa sunan Sarki Sulaimanu Barau. Da yawa daga cikinsu sun sha wucewa ta gaban wannan cibiya. Kaɗan ne aka taɓa yi wa bayanin abin da ake yi a ciki, kuma wannan ba laifinsu ba ne.

Shekarar 1962

Tarihin Arewa da binciken sama ya girmi NASRDA da kusan shekara 40. Lokacin da Amurka ta fara shirin aika mutum ya zagaya duniya, babbar matsalarta ita ce yadda za ta riƙa jin muryarsa. Kumbon yana ƙasa-ƙasa, yana kuma tsananin gudu, don haka kowace tasha mintoci kaɗan take samu da shi kafin ya faɗa bayan duniya. Sai hukumar NASA ta jera tashoshi a kewayen duniya, ɗaya na miƙa wa ɗaya. A Afirka aka zaɓi Zanzibar da Kano. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya zagaya duniya sau 3 cikin ƙasa da awa 5, tashar Kano tana cikin waɗanda suka saurare shi, suka karɓi bayanan kumbonsa suka tura gida. A watan Agustan shekarar da ta biyo, Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa da Shugaba John Kennedy suka yi magana ta wayar tarho ta tauraron Syncom 2, karon farko ke nan da shugabannin ƙasa biyu suka zanta ta wannan hanya.

Amma abin da ya fi girma a 1962 ba a Kano ya faru ba, kuma babu injiniyan da ya shirya shi. Ranar 3 ga Oktoba, wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina yana korar hankaki daga gonarsa, sai ya ji ƙara mai firgitarwa, wani abu ya faɗo taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono, dutse ne mai nauyin kimanin kilo 18, bayansa baƙi ƙirin saboda ƙunar da ya sha wajen keto iska, cikinsa kuma ruwan toka. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna. A lokacin babu wanda ya san daga inda ya fito, sai dai an san daga sama yake.

Yadda aka gano asalinsa shi ne misali mafi kyau da na sani na yadda wannan ilimi ke aiki, don ya ɗauki fiye da shekara 30, kuma sai da aka haɗa abin da aka auna a wata duniya da abin da aka auna a ɗakin gwaji.

Na farko, shekarunsa. A cikin duwatsu akwai sinadarai da ke rikiɗewa zuwa wasu a hankali, bisa ƙa'idar da ba ta sauri ba ta jinkiri. In aka auna abin da ya rage da abin da ya rikiɗe, sai a san yaushe dutsen ya daskare. Yawancin duwatsun da ke faɗowa daga sama sun kai shekara biliyan 4 da rabi, sa'annin Rana ne. Na Zagami kuwa shekara miliyan 180 ne kacal, kuma dutsen aman wuta ne. Ke nan ya fito daga wuri mai girma, wanda cikinsa ya daɗe da zafi har yana aman wuta a baya-bayan nan. Ƙananan duwatsun da ke yawo tsakanin duniyoyi sun huce tun tuni, shi ma Wata ba a san shi da aman wuta na kusa haka ba. Sai hankali ya koma kan Mars.

Zato ba hujja ba ne, sai da aka sami shaida. A 1976 kumbuna biyu na Amurka masu suna Viking suka sauka a Mars, suka shaƙi iskarta, suka aiko da lissafin abin da ke cikinta. Iskar kowace duniya tana da nata haɗin, ba ya kama da na wata. To lokacin da wani ƙaton dutse ya daki Mars har ya watso ɓaraguzanta zuwa sarari, zafin karon ya narkar da wasu sassan duwatsun suka zama gilashi, gilashin kuma ya kulle 'yan ƙwayoyin iska a cikinsa. A 1983 masana a Amurka suka gasa irin wannan gilashi daga wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika, suka tarar iskar da ta fito ta yi daidai da abin da Viking ya auna. A 1995 aka sami wannan shaida a cikin dutsen Zagami. An kuma ƙiyasta cewa ya yi kimanin shekara miliyan 3 yana gararamba a sarari kafin ya faɗo gonar mutumin Katsina.

A auna darajar wannan da abin da ƙasashe ke kashewa don samun irinsa. 'Yan sama-jannatin Apollo sun yi sauka 6 a kan Wata tsakanin 1969 da 1972 kafin su tara kilo 382 na duwatsu da ƙasa. Kumbon OSIRIS-REx ya yi shekara 7 a hanya, ya dawo a Satumban 2023 da abin da bai wuce giram 122 ba daga wani dutse mai suna Bennu. Motar Perseverance tana Mars tun Fabrairun 2021 tana haƙa tana zubawa a bututu, amma har yau babu wani kumbo da ya taɓa dawo da ko ƙwayar yashi daga can. Mu kuwa kilo 18 aka sauke mana a gona. An yayyanka shi, ya watsu a gidajen tarihi da ɗakunan gwaji da hannun 'yan kasuwar duwatsu a ƙasashen waje. Wani ɗan gutsurensa ma an maƙala shi a jikin kumbon Mars Global Surveyor a 1996, ya koma yana zagaya duniyar da ya fito. Ina ganin abin takaici ne a ce ɗalibin sakandare a Suleja ko Funtuwa zai gama karatunsa bai taɓa jin sunan Zagami a aji ba, alhali duk mai nazarin duwatsun Mars a duniya ya san shi.

Kuma abin bai tsaya a 1962 ba. Wani dutsen sama ya faɗo a Mayo Belwa ta Adamawa a 1974, wani a Gujba ta Yobe a 1984. A Nuwamban 2023 aka tsinci dutsen Mars mai kusan kilo 25 a yankin Agadas na Nijar, mafi girma da aka taɓa samu. A Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a New York kan fiye da dala miliyan 5, hukumomin Yamai kuma suka buɗe bincike kan yadda aka yi ya fita daga ƙasar. Sun yi daidai. Wanda ya tsinta ya cancanci lada mai tsoka, amma irin wannan dutse kamata ya yi a fara rubuta shi a rajistar ƙasar da ya faɗo, a bar wa jami'o'inta kaso, kafin a yi maganar ciniki.

Saƙon da haske ke ɗauke da shi

Dutse sai an yi sa'a. Abin da ke zuwa kullum ba fashi shi ne haske, kuma kusan duk abin da aka sani game da taurari daga gare shi aka karanto. Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Daga Wata, daƙiƙa ɗaya da 'yan kai yake yi ya iso. Daga Rana, wadda ke nisan kilomita miliyan 150, minti 8 da daƙiƙa 20. Kaza da 'ya'yanta kuwa, taurarin nan da manoma suka daɗe suna lura da fitowarsu da ɓuyarsu don sanin lokacin shuka, haskensu yana yin kimanin shekara 440 a hanya. Wanda ya shiga idon mai kallo daga Maje a daren yau ya baro can ne a ƙarni na 16, zamanin da masana tarihi da dama ke cewa Sarauniya Amina ta yi a Zazzau, masarautar da sarakunan Suleja suka fito daga cikinta.

Masana ba kallon hasken kawai suke yi ba, tsaga shi suke yi. In ya ratsa wani irin gilashi sai ya baje launi-launi kamar bakan gizo, a cikin launukan kuma akwai siraran layuka. Kowane sinadari yana da nasa layukan a wurin da ba ya canzawa. Da haka ake sanin abin da tauraro ya ƙunsa, da zafinsa, da ko yana matsowa ko yana nisa, ba tare da an je ba. Sinadarin hiliyom, wanda ake hura balan-balan da shi, a hasken Rana aka fara ganin alamarsa a 1868, ba a same shi a doron ƙasa ba sai 1895. Madubin hangen nesa na James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, wannan aikin yake yi daga nisan kilomita miliyan 1.5, da madubi mai faɗin mita 6.5, har yana iya gano tururin ruwa a iskar duniyoyin da ke zagaya wasu taurari.

A ƙasarmu madubi irin na ido yana da abokan gaba biyu: gajimaren damina da hazon hunturu. Na uku ya ƙaru a baya-bayan nan, wato fitilun birni. Duk wanda ya san Suleja kafin gwamnati ta ƙaura zuwa Abuja a 1991 ya san daren da ake gani a lokacin ya fi na yanzu cika da taurari. Amma akwai hasken da ido ba ya gani, wanda hazo da gajimare ba sa tare shi sosai, shi ne igiyoyin rediyo, kuma da faifai ake kama shi, babban wan na kan rufin kwanon nan. Afirka ta Kudu tana da faifai 64 na MeerKAT da ta ƙaddamar a 2018. Ghana ba ta jira ta yi kuɗin wannan ba. Ta ɗauki wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse, kusa da Accra, ta gyara shi ya zama na'urar sauraron taurari a 2017, ta horar da matasanta a kansa. Nijeriya ma ta gina irin waɗannan manyan faifai na sadarwa a Lanlate da Kujama, tana kuma da cibiyar nazarin falaki a Nsukka. Dabarar Ghana ba ta fi ƙarfinmu ba.

Bai kamata kuma a ɗauka lissafin sama baƙo ne a nan ba. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar rubuce-rubuce kan lissafi da taurari da har yau ake nazari. Duk ranar 29 ga wata, mutane a Suleja suna fita bayan faɗuwar rana su dubi yamma, wanda ya gani ya kai wa mai unguwa ko hakimi, labari ya bi ta fada har ya isa ga Sarkin Musulmi a Sakkwato. Ilimin zamani bai zo ya ƙwace wannan ba. Yana iya faɗin mintin da Wata zai daidaita da Rana, da tazarar da za ta kasance tsakaninsu da magariba, da inda ya kamata a sa ido. An kuma lura cewa in tazarar ba ta kai kimanin digiri 7 ba, jinjirin wata bai samu hasken da ido zai iya kamawa ba. Mai duba da mai lissafi abokan aiki ne, kuma inda suka zauna tare gardama tana raguwa.

Idon da ke kallon ƙasa

Wani zai ce, garin da ke fama da ruwan sha da cunkoson hanyar Madalla, ina ruwansa da Mars? Tambaya ce ta gaskiya. Amsarta ita ce yawancin abin da Nijeriya ta aika sama ƙasa yake kallo.

NigeriaSat-1, da kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera aka harba daga Plesetsk ta Rasha a Satumban 2003, ya yi aikinsa ne yana shawagi a nisan kusan kilomita 700, yana zagaya duniya cikin minti 100 ko ƙasa da haka, yana bi ta kusa da ƙuryar arewa da ta kudu yayin da duniya ke juyawa a ƙarƙashinsa. Da haka ya riƙa ɗaukar hotonta tsiri-tsiri har ya game ta. Hotunansa sun yi amfani bayan igiyar ruwan tsunami ta 2004 a tekun Indiya da guguwar Katrina ta 2005 a Amurka. Ranar 17 ga Agusta 2011 aka harba wasu biyu daga Yasny: NigeriaSat-2, mai iya bambance abin da ya kai faɗin mita 2.5, da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu a Surrey a matsayin gwajin horon da suka samu. A 2017 Jami'ar Fasaha ta Akure ta shiga wani shiri na Japan, aka saki ɗan ƙaramin tauraro mai suna NigeriaEduSat-1 daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa.

Kyamarar irin waɗannan taurari tana ganin launin da idonmu ba ya gani. Ganye mai lafiya yana mayar da wani haske da ke gaba da ja da ƙarfi, wanda ƙishi ko cuta ta kama kuwa sai ya dushe, tun kafin manomi ya ga ya yi rawaya. Ruwa yana shanye wannan hasken, don haka inda ambaliya ta kwanta baƙi yake fitowa a hoto. Jihar Neja ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, tana da madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, da fadamun shinkafa, da dazuzzukan da 'yan bindiga suka mayar mafaka. A daminar 2017 ruwa ya ci gidaje da rayuka a Suleja. A ƙarshen Mayun 2025 ya kashe fiye da mutum 150 a Mokwa cikin dare ɗaya. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton wannan yanki tun 1972, kuma tun 2008 kyauta ake sauke hotunan. Ɗalibi a Jami'ar Fasaha ta Minna mai kwamfuta da intanet zai iya jera su shekara bi shekara, ya nuna wa ƙaramar hukuma yadda gine-gine suka gangara cikin hanyar ruwa a gefen rafin Iku, da gidajen da za su fara shan ruwa in ya cika.

Sai dai ambaliya da gajimare tare suke zuwa, kyamara kuma ba ta ratsa gajimare. Abin da ke ratsawa shi ne rada, wadda ke aika nata igiyoyin ta saurari dawowarsu, dare ko rana. Cikin taurarin da na lissafa babu mai rada, don haka a ranar da aka fi bukata sai an nemi hoton Turai ko na wata ƙasa. Su ma masu kyamarar sun tsufa: shekara 7 aka ɗebar wa NigeriaSat-2 tun 2011. A Disamban 2022 Nijeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu kan yarjejeniyar Artemis ta binciken Wata. Ba na raina wannan, amma da za a tambaye ni abin da za a fara sa wa kuɗi, tauraro mai rada zan ce, sai kuma albashi da kayan aikin da za su riƙe injiniyoyin da aka horar, don kada a gama koya musu wata ƙasa ta ɗauke.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar kasafin gwamnatin tarayya. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana wucewa a nisan kilomita 400, tana zagaya duniya cikin kimanin minti 90, kuma wasu ranaku bayan magariba ana ganinta da ido daga Suleja, ɗigon haske mai ƙarfi da ba ya ƙyaftawa, yana keta sama cikin mintoci kaɗan. Akwai manhajojin waya da ke faɗin ranar da lokacin. Malamin kimiyya da ya tara ɗalibansa a filin makaranta, ya ce musu da ƙarfe kaza za ta ɓullo ta wancan gefen, ta kuma ɓullo, ya koya musu a daren nan cewa ana iya lissafa sama a kuma gwada lissafin. Ƙaramin madubin hangen nesa guda ɗaya ya isa ya nuna musu ramukan Wata da watanni 4 na Jupita da Galileo ya gani a 1610, kuma makarantun gari za su iya karɓa-karɓa da shi. Motar makaranta kuma za ta iya zuwa Lugbe ta dawo kafin la'asar.

An ma san ranakun da za a fi bukatar irin wannan malami. Ranar 2 ga Agusta 2027 Rana za ta yi husufi cikakke a arewacin Afirka, ta Masar har Makka, mu kuma za mu ga wani sashe nata ya rufe. Ranar 20 ga Maris 2034 inuwar Wata za ta bi ta kudancin Nijeriya kanta, ta kan Legas, kamar yadda ta bi ta yamma da arewa maso yamma ranar 29 ga Maris 2006, kuma a Suleja mafi yawan Rana zai rufe. Za a yi sallar husufi a masallatai. Yara kuma za su ɗaga kai su kalla, ko an hana su, alhali kallon Rana kai tsaye yana ƙona ido ko da ta kusa rufewa. Abin da ya kamata a koya musu tun yanzu mai sauƙi ne: a huda kwali da allura, a juya wa Rana baya, a bar hasken ya ratsa hudar ya sauka kan farar takarda, a nan za su ga yadda Wata ke cin ta kaɗan-kaɗan.